Na ce zuciya take yi

A Arewa, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, idan aka ce mace ta yi zuciya ba tsokar da ke cikin ƙirji ake nufi ba. Fushi ake nufi, irin wanda ba ya fitowa ta baki: a ɗaure fuska, a ture tuwo, a juya wa miji baya. Wannan kalma na liƙa wa maiɗakina makonni da dama a daminar 2018, ina maimaita ta a majalisa, abokaina suna gyaɗa kai. Sai da aka ɗora mata kan wata na'ura a ƙirji a Yamai na gane kalmar tawa daidai take, ma'anar ce na ɓata.

Ni malamin lakwal ne a wani ƙauye na yankin Tibiri, kudu da Kore Mai Ruwa, cikin kwarin Dallol Mauri. Mushe ake ce mini. Ni ke karanta wa mutane takardar magani, ni ke cika musu takardun haihuwa, in gardama ta yi zafi a gindin bedi bakina ake jira. Mutum ya shekara goma sha biyu a haka, sai ya fara zaton babu abin da ya shige masa duhu, har da abin da ke cikin ran matarsa.

Ta haihu mako guda bayan ƙaramar Sallah, haihuwa ta huɗu, namiji. Surukata ta zo daga wajen Dumega don wankan jego: ruwan zafi da ganye safe da yamma, kunun kanwa, ɗaki a rufe. A lokacin kowa a garin ya san na kai gaisuwa wani gida, an tsayar da maganar aurena na biyu bayan an yanke gero. Watanni na yi ina tara kuɗin akwati. Ban ɓoye mata ba, ban kuma yi shawara da ita ba. Faɗa mata kawai na yi tana da cikin wata bakwai, ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tankaɗenta.

Kwana ashirin da haihuwa tari ya fara, busasshe, da dare ya fi tashi. Daga nan ta daina kwanciya. In na leƙa ɗakin sai in tarar da ita zaune ta jingina da bango, ta tara matasai da tsummoki a bayanta, jinjiri a cinya. Daga ƙofar ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa rumbu. Zoben azurfar da ke yatsanta ya nutse cikin nama, takalmi ya ƙi shiga. Tuwo loma biyu ta ce ciki ya cika. Magana ma ta ragu, in ka tambaye ta abu sai ta ba ka amsa guntu-guntu, kalma biyu ta tsaya.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Surukata ta ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka wuta, aka ƙara wa kunu kanwa. Wata gwaggona da har yau ba ta yanke hulɗa da 'yan bori ba ta ce iska ce, kuma a ƙasar Lugu da Bagaji ba a rasa mai wannan magana. Mata a bakin rijiya suka ce daga gidan amarya aka jefo. Ni kuwa na yi musu dariyar ɗan boko. Na ce babu sanyi, babu iska, kishi ne tsagwaronsa: ta ƙi kwanciya don in rasa wurin zama a ɗakin, ta ƙi cin abinci don a ce na ƙuntata mata, ta rage magana don in ji haushi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na dubi fuska na ga ta kumbura, na ce to ga shi nan, wace shaida kuma ake nema? Abin da ke ci mini rai har yau shi ne duk waɗanda na raina, da mai cewa sanyi da mai cewa iska, sun yarda yarinyar nan ba ta da lafiya. Ni kaɗai, mai takardar shaidar karatu, na ce da gangan take yi. Iyakar ƙoƙarina kwalbar maganin tari ce da na sayo a hannun mai talla ranar kasuwa.

Wani dare a farkon watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa, babbar ɗiyarmu mai shekara tara ta buga mini ƙofa. Ta ce, "Baba, Inna ba ta iya numfashi." Na same ta durƙushe a bakin ƙofa, baki buɗe, tana neman iska kamar kifin da aka fitar daga tabki, tari yana fitar da kumfa. Amalanken maƙwabci ya kai mu bakin kwalta, da asuba muka sami motar Dogon Dutsi.

Lokotoron da ya duba ta bai ɓata lokaci ba. Ya danna babban yatsa a ƙwaurinta, da ya ɗauke sai rami ya tsaya kamar an danna tuwon da ya kwana. Ya dubi jijiyoyin wuyanta da suka miƙe, ya saurari bayanta. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, da matashi nawa take kwana?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Surukata ce ta amsa daga bayana, ta ce ai ta kusa wata guda rabonta da kai haƙarƙari ƙasa. Aka yi mata allurar Lasilix, ta wuni ta kwana tana fitsari, washegari ta iya haɗa magana har ƙarshenta. Aka ɗauki radiyo. Ya ɗaga hoton a hasken taga ya nuna mini inuwar zuciyar, ya ce ta mai lafiya ba ta wuce rabin faɗin ƙirji, wannan kuwa ta wuce. Amma radiyo inuwa kaɗai take nunawa. Ko ruwa ne ya kewaye zuciyar, ko ɗaya daga cikin ƙofofinta ce ta lalace, ko tsokar ce ta saki, duka ukun inuwarsu na iya kama da juna, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Sai an yi eko. Ya rubuta mana takarda zuwa wurin likitan zuciya a Yamai.

A nan ma ban fita kunya ba. Yana rubutu ina lissafi a raina: kuɗin mota mutum uku, kuɗin eko, magani, abinci, duka daga cikin kuɗin akwati za su fito. Na ce, "Dokta, tunda allura ta karɓe ta, dole ne sai an yi wannan doguwar tafiya?" Ya ɗago kai ya dube ni na ɗan lokaci, ya miƙo mini takardar, bai ce komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga Dutsi zuwa Yamai ya fi kilomita 270. Muka wuce Bolbol, Doso, Birnin Gaure, Kure, manyan motoci cike da ragunan layya suna gabanmu. Ita tana kusa da taga, jinjiri a hannun mahaifiyarta.

Ni a sanina eko abin mata masu ciki ne, a ga kwanciyar yaro. Ban taɓa jin ana yi wa zuciya ba. Ɗakin ƙarami ne, an rage haske, gado ɗaya da na'ura mai allo a gefe. Da na ga likitan namiji ne, kuma aka ce ta sassauta riga, sai na ji wani abu ya taso mini. Dubi wannan hali: mutumin da ya yi wata guda bai lura da ƙafar matarsa ba, yau shi ne mai kishin kada a ga ƙirjinta. Wata ma'aikaciya ta lulluɓe ta da zane, ta bar iyakar inda ake bukata, aka ce ta kwanta a gefen hagu ta ɗora hannun hagu a ƙarƙashin kai. Likitan ya ce wannan kwanciya ce ke matso da zuciya kusa da bangon ƙirji, ta kuma buɗa tsakanin haƙarƙari. Ya matsa wani mai mai sanyi, kamar yauƙin kuɓewa, a kan wani abu da bai fi ƙaramar tocila girma ba, ya ɗora shi a hagun ƙashin ƙirji.

Da farko hazo kawai na gani, fari da baƙi, an shata shi kamar mafici. Ya ɗan karkata hannu, sai ga abu yana motsi.

Da ya ji an ce ni malami ne, sai ya yi mini bayani kamar ɗan aji. Ya ce na san amsa-kuwwa? Na ce ina ma koyar da ita, kuma duk yaron da ya tashi a gindin dogon dutsen da garin Dutsi ya ci sunansa ya taɓa ƙwala kira ya ji dutse ya mayar masa. Ya ce to shi ke nan, aikin ke nan. Abin da ke hannunsa sauti yake aikawa cikin jiki, mai kaifin da kunne ba ya kamawa. Kunnen ɗan Adam yana tsayawa a wajen kaɗawa 20,000 cikin daƙiƙa ɗaya, wannan kuwa tsakanin miliyan 2 ne zuwa miliyan 5. Sautin yana ratsa nama da gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, duk inda ya ci karo da iyaka tsakanin tsoka da jini sai wani kaso ya dawo. Na'urar tana auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, kamar yadda ake jefa tsakuwa a rijiya a saurara don a san zurfinta, daga nan ta zana hoton, ta sake zana shi sau da yawa cikin daƙiƙa har ya zama motsi. Babu yanka, babu allura, babu irin hasken radiyo da ake kaffa-kaffa da shi ga mai ciki. Abu biyu ne ke tare masa hanya, ƙashi da iska. Saboda iska ake shafa man nan, kada ta rage tsakanin fata da na'ura. Zuciya kuma Allah ya ajiye ta a bayan shingen haƙarƙari, huhu cike da iska dama da hagu, don haka sai an bi ta 'yan tagogi: gefen ƙashin ƙirji, ƙarƙashin nonon hagu, ƙasan ƙahon zuci, wani lokaci ramin wuya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ce mata ta ja numfashi, ta riƙe, ta saki.

Daga baya na karanta cewa a 1953 aka fara wannan aiki, a garin Lund na ƙasar Suwidin. Wani likita, Inge Edler, da wani masanin kimiyya, Hellmuth Hertz, suka aro na'urar da ake neman tsagewar ƙarfe da ita a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Malmo, Hertz ya fara gwada ta a ƙirjin kansa. Abin binciken ƙarfe ne asalinsa. Shekara 65 bayan haka ya iso kan ɗiyar manomi daga Dumega.

Da ya ɗora a ƙarƙashin nono sai ɗakuna huɗu suka bayyana a allo, biyu manya biyu ƙanana, da wasu siraran marafai suna buɗewa suna rufewa kamar fukafukan tsuntsu. Ya nuna mini ɗakin da ke tura jini zuwa ga jiki duka. Ya ce in tuna zugazugin maƙeri: a mai lafiya, bangayen nan suna matsowa da ƙarfi kamar za su haɗu. Na duba. Nata ya buɗe ya yi faɗi kamar tsohuwar salka, bangayen suna ɗan rawa kawai, su matso kaɗan su koma. Ko ni da ban taɓa ganin lafiyayyar ba na ga gajiya a wannan motsi. Ya tsayar da hoton, ya zagaye cikin ɗakin lokacin da ya cika, ya sake zagaye shi lokacin da ya matse, na'ura ta yi lissafi. Ya ce idan jinin da ke cika ɗakin nan kashi 100 ne, zuciya mai lafiya tana fitar da wajen 55 zuwa 65 a kowane bugu. Nata 27.

Sannan ya taɓa wani maɓalli sai launi ya shigo, ja da shuɗi. Na zaci jan shi ne jini mai kyau. Ya ce a'a, alkibla ce kawai: ja mai nufo na'ura, shuɗi mai nisantarta. Ya nuna mini wani harshe mai launi yana tsarguwa baya ta ƙofar da ya kamata ta rufu. Ya ce ƙyauren lafiyarsa lau, dokin ƙofar ne ya buɗe saboda ɗakin ya faɗaɗa, shi ya sa ba ya rufuwa ruf. Jinin da ya kasa wucewa gaba shi ke taruwa a baya, ya cika huhu da ruwa, ya sauka ƙafa, ya kumbura hanta har mutum ya ji ciki ya cika da loma biyu. In ta kwanta, ruwan da ke ƙafa ya dawo ƙirji, sai numfashi ya gagara. Yana magana yana kwance mini hujjojina ɗaya bayan ɗaya bai sani ba: ga dalilin zama da dare, ga dalilin ture tuwo, ga dalilin guntuwar magana, ga kumburin fuska. Ya daɗe yana leƙen ƙarshen ɗakin, ya ce gudan jini yake nema, don jinin da ba ya gudu yakan daskare, in ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki. Bai samu ba. Ya buɗe sautin na'urar, ɗakin ya cika da wani huci, fuu, fuu, fuu. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ranar na fara jin wannan.

Duka bai fi rabin awa ba. Kuɗin da na biya bai kai na turmi biyu na atamfar da na yi niyyar zubawa a akwati ba.

Ya rubuta dogon suna da Faransanci, ya ce da Hausa ciwon zuciyar jego ne, tsokar ce ke saki a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Ya ce wasu suna warkewa sarai, wasu zuciyar ba ta komawa yadda take, wasu kuma yana kashe su, musamman waɗanda aka makara da su. Ya rubuta magunguna, ya ce a rage gishiri, a bar dunƙulen miya, a bar kanwa gaba ɗaya, ban da daka da ɗiban ruwa, ban da sabon ciki, a dawo bayan wata shida a sake dubawa.

A motar komawa, mun wuce Kure, surukata ta yi barci. Maiɗakina tana kallon waje. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Ashe ka yi gaskiya, Mushe. Zuciya ce." Ban taɓa faɗa mata kalmar nan a gabanta ba. A majalisa nake faɗa, majalisa kuma tana da mata a gida.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa laifin ya yi mini nauyi, na shiga neman inda zan sauke shi. Kalmar kanwa da likita ya ambata na riƙe. Da muka isa gida na ɗauki ƙunshin kanwar Boboye da ke madafa na watsar a bayan darni, kuma a gaban yara na ce wa surukata, matar da ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba, kununta da ruwan zafinta ne suka kusa kashe 'yarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni dai abin da uwata ta yi mini na yi ma ɗiyata. Kai mi ka yi mata?" Washegari ta ɗaure kayanta. Sai da maiɗakina ta yi kuka ta zauna.

Shekaru biyu bayan haka, da na sami waya mai intanet, na shiga bin diddigin ciwon, kuma ba zan ɓoye ba, hujja nake nema a kan tsohuwar. Na tarar ƙasar Hausa ta daɗe da yin suna a kansa a littattafan likitoci. A Zariya, Davidson da Parry sun wallafa bincikensu a 1978, aka ƙiyasta wajen mace ɗaya cikin haihuwa 100, kuma su ne suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da zafin jego. A Sakkwato, da ke kusa da mu, Isezuo da Abubakar sun sami ɗaya cikin 102 a 2007. A Amurka kuwa ɗaya ce cikin dubu ko dubbai. Har nan na ji daɗi. Sai na ci karo da aikin wani likita Bafaranshe, Arnaud Cénac, wanda ya yi aiki a Yamai, ya nuna a 1992 cewa matan da ciwon ya kama suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jininsu, wanda jiki ke samu daga abinci irin su nama, kifi da ƙwai, da hatsin da aka noma a ƙasar da ke da shi. Sannan ga babban binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta, aka wallafa a 2020, a kan mata fiye da 400 daga sassan Nijeriya. Da suka gwada masu ciwon da marasa shi, ba su ga wankan ruwan zafi ko kunun kanwa sun raba tsakaninsu ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rashin karatun boko, rashin sana'a, hawan jini na lokacin ciki, da rama.

Rama. Na ajiye wayar. Kanwa tana da gishiri mai yawa, kuma ga wadda zuciyarta ta riga ta raunana tana ƙara tara ruwa, wannan gaskiya ne, likitan bai yi kuskure da ya hana ba. Amma ƙara wa ciwo nauyi daban, haddasa shi daban. Ba zan ce ni na haddasa ba, wannan ma wani girman kai ne, kuma likitoci da kansu suna ci gaba da bincike. Abin da na sani shi ne a watannin ƙarshe na cikin nan na rage kuɗin cefane, nama ya koma ranar kasuwa kaɗai, sannan ya koma wata kasuwar. Ƙaurin da ake saya wa mai jego ma rabi na saya. Na san inda ragowar ta tafi, a ƙarƙashin katifata take, cikin ambulan. Na je Dumega na durƙusa a gaban surukata. Ta ce ta manta, ta sa aka dama mini fura.

Auren na biyu bai yiwu ba, kuma kada wani ya yaba mini. Kuɗin ne suka ƙare a magani, na nemi a ɗaga, uban yarinyar ya jira har rani ya ba wani. Na ji zafin abin a lokacin. Har ma da gero ya shigo gida, kumburi ya saɓe, ta fara dariya da yara, na ce ko za a rage maganin nan tunda sauƙi ya samu, kowane wata yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashina. Ba ta yi gardama ba. Ranar kasuwa ta aika aka sayar da akuyarta, ta ba ƙanenta kuɗin ya sayo mata daga Dutsi. A bakin ƙanen na ji.

Zuwanmu na biyu Yamai, a watan Fabrairun 2019, na lura da mutanen da ke kan benci. Da tsoho mai hawan jini wanda aka ce bangon zuciyarsa ya yi kauri. Da wata mai jego daga wajen Filinge, ƙafafunta kamar turmi. Da yaro ɗan shekara goma sha biyu, sa'an 'yan ajina, wanda ƙofar zuciyarsa ta ƙanƙance, aka ce asalinsa ciwon maƙogwaro ne da ba a yi wa magani ba tun yana ƙarami. Tun daga ranar, yaron da ya ce mini haɗiya tana yi masa zafi ga zazzaɓi, ba na cewa lalaci ne, takarda nake rubuta wa ubansa. Da aka kira mu, ita ce ta ce wa likitan ya juyo mata allon, wancan karon mijinta kaɗai aka nuna wa. Ya juyo. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan 'yar abar ce ta wahalshe ni haka?" Lissafi ya ba da 41. Bayan shekara guda ya ba da 52, harshen nan mai tsarguwa baya ya kusa ɓacewa. Likitan ya ce ko da haka, sabon ciki na iya mayar da hannun agogo baya, in har za a yi sai da shawararsa da eko a kai a kai. Ita ta ce huɗun da Allah ya ba ta sun ishe ta. Mahaifiyata ta yi ta tambaya, dangi suka yi ta gunaguni, na ce su tambaye ni, kada su tambaye ta. Wannan kaɗai ne abin da na yi daidai ba tare da an tura ni ba.

Gafara kuwa, ban iya neman ta kai tsaye ba. Ranar layyar shekarar farko, da aka sauko daga idi kowa yana ce wa kowa a yafe juna, na cusa tawa a cikin ta jama'a, na ce, "A yafe mu." Ta ce, "Allah shi yafe mu gaba ɗaya." Ta san abin da nake nufi, na san ta sani, a haka muka bar shi.

Hotunan eko ukun suna cikin wani gwangwanin alewa tare da takardun haihuwar yara, ƙananan takardu masu sheƙi da suka fara dusashewa. Yaron da aka haifa a daminar nan yanzu yana lakwal, a bencin gaba. Ta koma daka, sai dai ta bar wa 'yan matan ɗiban ruwa. Ni kuma na sami wata ɗabi'a da ban faɗa wa kowa ba: in na farka cikin dare sai in haska tocila ƙasa-ƙasa wajen gadonta, in ga yadda take. A kwance nake samunta, matashi ɗaya.